Wanda Ya Goge Bidiyon Dirkou

SHAFI NA 9

Masu tambayata tun jiya ko lafiya, lafiya lau nake, kuran ne, wato wutar lantarki, aka yanke mana a unguwa har portabul ɗina, wayar hannu, ya mutu. Sa'adiya ta Ingall, na ga saƙonninki goma sha ɗaya, ki yi haƙuri.

Sabbin shigowa, ga inda muke. Nafi mai ɗaukar bidiyo ce. Ta bi ayarin lokotoro, wato likitoci, zuwa Dirkou ta ɗauko musu aikin rigakafi. Da ta dawo Agadez tana duba abin da ta ɗauka, sai ta hangi wani mutum a bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, sak yayanta Zaharaddin, wanda aka yi zaman makokinsa shekara huɗu da suka wuce. Babban yayansu Chaibou, wanda shi ne ya kawo labarin rasuwar daga hanyar Séguédine, ya karɓi diskin da bidiyon yake ciki, wai zai duba a babban ekran, wato allon kwamfuta, na bironsa, ofishinsa ke nan. Ya maido shi babu komai a ciki.

*

Ita kaɗai ta so zuwa wajen mai gyara. Amma tana fitowa ƙofar gida da hantsi ta tarar da Yaya Chaibou zaune a kan moto, kamar wanda aka aiko ya jira ta.

"Ina zuwa?"

"Wajen Mushe Alkasum."

"Hau in kai ki."

"Da ka bar shi, Yaya, kabu-kabu zan..."

"Na ce hau."

Ta hau, suka nufi bakin kasuwa.

Mushe Alkasum, wato Malam Alkasum, shi ya koyar da ita ordinater, wato kwamfuta, a lise, makarantar sakandare. Da ya bar koyarwa sai ya buɗe ɗan shagon gyara, wanda in mutum uku suka shiga na huɗu sai dai ya tsaya a ƙofa. Suka same shi yana busa ƙura daga cikin wani mashin. Aka gaisa, ya tambayi jikin Inna, mahaifiyarsu, ya jawo wa Chaibou kujera.

Nafi ta ajiye diskin a kan tabul.

"Mushe, aikina na Dirkou duk yana ciki. Yanzu babu komai."

"Ba ki da kwafi a mashin ɗinki?"

"Ya cika. Nan kaɗai na ajiye."

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Shekara nawa ina faɗa muku, abin da yake wuri ɗaya kamar babu shi ne?"

Chaibou ya gyara zama.

"Laifin ba nata ba ne, Mushe. A hannuna ya lalace. Na kalli bidiyon lafiya lau ran Laraba da safe, mutumin ma ba Zaharaddin ba ne, wani ne mai kama da shi. Har na kwafe a kle ɗina, ɗan filashin nan, don tsaro. Ina sake jona diskin sai ya ƙi buɗewa."

"To, bari mu gani."

Mushe ya jona diskin. Ya daɗe yana kallon ekran. Ya cire tabarau ya goge, ya maida.

"Nafi, wannan ba shi ne wanda na shirya miki bara ba?"

"Shi ne, Mushe."

"A ext4 na sa miki shi."

"Haka ne."

"To yanzu NTFS nake gani."

Chaibou ya yi ƴar dariya.

"Ni fa kamiyo na sani, Mushe. Waɗannan haruffan naku ban san su ba."

"Ba wuya, Alhaji. Ka ga sitonka na tasha? Kafin a zuba kaya sai an san yadda za a jera su, da yadda za a gano buhun wane in ya zo nema. Diski ma haka yake. Wannan tsarin jera kaya shi muke ce wa système de fichiers. Kuma ba iri ɗaya ba ne."

"To mi ya sa ka zaɓa mata wanda ke lalacewa?"

"Ba ya lalacewa haka kawai. Mashin ɗinta Linux ne. Bara a nan muka gwada, tana tsaye inda take yanzu. Bidiyon biki giga arba'in, a kan ext4 ya shige cikin minti bakwai. Muka maida diskin NTFS, a mashin ɗin nata dai, ya ja minti goma sha ɗaya. Kuma ext4 yana rubuta abin da zai yi kafin ya yi, ko kuran ya yanke ana tsakiyar aiki, in ya dawo ya san inda ya tsaya. Garin nan kuwa ka san kuran ɗinmu."

Ya nuna diskin da yatsa.

"Aibinsa ɗaya. Windows ba ta jin harshensa. In ka jona mata shi, ba ta ganin komai, sai ta ce ka yi formate."

Chaibou ya tafa hannu.

"Voilà! Abin da ta rubuto mini ke nan! Kin ji ko, Nafi? Kwana biyu kina mini kallon ɓarawo a gidan ubana. Na danna e, ban san goge kaya take nufi ba."

Nafi ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta. Ashe zargin banza take yi wa mutumin da ya riƙe su tun rasuwar Baba. Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri.

"Alhaji," in ji Mushe a hankali, idonsa na kan ekran, "ordinater ɗin bironka, wanda na canza wa bantilater, ƴar fankar ciki, watan azumi?"

"Shi."

"Windows ce a kai."

"E mana."

"To da mi ka kalli bidiyon?"

Nafi ta ɗago.

Chaibou ya kai hannu ya gyara hularsa da take zaune daram.

"Ai na faɗa maka, da farko ya buɗe. Daga baya ya ƙi."

"Ba ya buɗewa da farko, ba ya buɗewa da ƙarshe. Sai in an sa wa mashin ɗin wani logiciel, wato manhaja, na musamman."

"Wataƙila yana da shi."

"Ban gan shi ba da na duba."

"Ba kai kaɗai ke taɓa mashin ɗin ba."

"Haka ne," in ji Mushe. "Bon. A bar wannan. Ka ce ka kwafe a kle. Yana nan?"

"Birus ya cinye shi. Shi ma babu komai."

"Kawo dai."

Chaibou ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Nafi na kallonsa, ta san a aljihun gaba yake, tana hangen igiyarsa ja. Da ya ga idonta a wurin sai ya ciro ya miƙa.

Mushe ya jona.

"Nafi, bidiyon ranar nan giga nawa ne?"

"Sha ɗaya. Na haɗe guntayen wuri ɗaya kafin in ba Yaya."

"Fichier ɗaya?"

"Ɗaya."

Mushe ya ja dogon numfashi. Da gani ba ya son abin da zai faɗa.

"Alhaji, kle ɗinka FAT32 ne."

"Sai mi?"

"Tsohon tsari ne, dattijo. Kowa ya san shi, rediyon mota ya san shi, tele ta san shi, mashin ɗin fotokopi ya san shi. Shi ya sa masu kle suke sayar da shi a haka. Amma ba ya ɗaukar ƙunshi ɗaya da ya kai giga huɗu. Ko da fili ya yi masa yawa."

"Kle ɗin giga sha shida ne!"

"Ko ɗari ne. Matso ka gani."

Ya ɗauko wani bidiyo daga mashin ɗinsa, giga shida, ya ja shi zuwa kle ɗin. Nan take rubutu ya fito. Mushe bai karanta ba, sai ya juya ekran ɗin wajen Chaibou. Nafi ce ta karanta da ƙarfi.

"Fichier trop volumineux."

"Wai ya yi masa girma. Giga shida ke nan ya ƙi," in ji Mushe. "Da exFAT ne da ya karɓa, shi ba ruwansa da wannan iyakar. NTFS ma haka. Amma wannan, a'a."

"Mashin ɗinka ne ke da matsala. Ni a nawa ya shiga. Kafin in shanye kofin shayi ɗaya ya gama."

"Kofi ɗaya?"

"Ɗaya."

Mushe bai yi musu ba. Ya ɗauko wani ƙaramin bidiyo, giga ɗaya, ya tura, ya ciro agogonsa ya ajiye a tabul. Suka zuba wa ekran ido su uku. A waje wani mai amalanke na faɗa da jakinsa. Koren layin nan yana tafiya kamar ba ya so.

Minti ɗaya. Biyu.

Chaibou ya share goshi da hannun riga.

"Minti uku da ƴan kai," in ji Mushe. "Giga ɗaya ke nan. Gaskiya ba laifin FAT32 kaɗai ba ne, kle ɗin mai araha ne, ko wane tsari ka sa masa ba zai yi gudun kirki ba. Amma giga sha ɗaya, da a ce zai shiga, sai ya haura rabin sa'a. Shayin zai huce, Alhaji."

"Yaya," in ji Nafi.

Bai dube ta ba.

"Wani abu kuma," Mushe ya ci gaba. "FAT32 in aka goge abu a cikinsa, ba ya share sunan duka. Harafin farko kawai yake cirewa, ya bar sauran a kwance. Ga su nan ina gani. Takardun kamiyo. Hotunan suna. Wa'azi. Babu sunan bidiyon Nafi. Bai taɓa shiga nan ba."

Chaibou ya miƙe tsaye, kujerar ta bugi bango.

"Wai gyara muka kawo ko shari'a? Ke, ɗauki kayanki mu tafi. Zan saya miki sabon diski, wanda ya fi wannan."

"Ba diski nake nema ba."

"Ina magana kina magana?"

"Yi haƙuri, Yaya. Ba inda za ni." Ta juya. "Mushe, ko an yi formate ai ana iya dawo da kaya. Kai ka koya mana. Ka ce formate kamar yage takardar sunayen kaya ne, kayan suna nan a sito."

"Na faɗa."

"To dawo mini da shi."

Mushe ya girgiza kai a hankali.

"Ɗiyata, formate iri biyu ne. Akwai mai sauri, wanda na ba ku misalinsa. Daƙiƙa kaɗan ya gama, kaya suna nan. In mutum ya danna bisa kuskure, shi ke faruwa, don shi mashin yake zaɓa da kansa. Akwai kuma cikakke. Shi sai ka kai hannunka ka cire alamar da ke kan formatage rapide. Sannan ka zauna ka jira."

"Jiran mi?"

"Ya bi diskin tun daga farko har ƙarshe yana rubuta sifiri a kan komai. Diski mai girman naki, sa'a uku ko fiye."

Ya danna wani abu. Ekran ya cika da sifiri, layi bayan layi. Ya gangara ƙasa, sifiri. Ya tsallaka tsakiya, sifiri. Ya je can ƙarshe.

Nafi ta dafa tabul.

Kwana tara a Kawar, yankin Dirkou. Zafin hanya, da aikin mutane da suka ba ta amana. Da daƙiƙa goma sha biyun nan da ta maimaita kallo har idonta ya yi ja, mutum a bayan kamiyo yana ɗaga jarka, ya juyo, ya ga kamera, ya kau da fuska da sauri.

"Wannan ba kuskure ba ne," ta ce.

"Ni ban ce komai ba," in ji Mushe. "Abin da diski ya nuna nake faɗa."

"Faɗi sauran, Mushe. Na ga akwai saura a bakinka."

Ya dubi Chaibou, kamar mai neman izini. Chaibou na kallon ƙofa.

"NTFS magatakarda ne, ba ya yin abu bai rubuta lokaci ba. Har ranar da aka kafa shi a kan diski yana ajiyewa. Wannan an kafa shi ran Talata, ƙarfe uku da minti goma na rana."

Nafi ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci yayanta.

"Talata ƙarfe sha ɗaya na ba ka shi. A zaure. Inna na alwala."

Chaibou ya kau da kai.

"Ka ce Laraba da safe ka kalla. Laraba da safe babu komai a cikinsa sai sifiri. Ba ka kalla ba, Yaya. Ba ka ma nemi ka kalla ba. Daga hannuna ka wuce biro ka goge."

"Agogon mashin ɗin ne ba daidai ba."

"Ni na daidaita shi," in ji Mushe, can ƙasa-ƙasa.

"Mutum aka ce maka an ga ƙaninka da rai," Nafi ta ce, hawaye na zubo mata ba ta share ba. "Ko a mafarki aka ce an gan shi, ai ka so a ba ka labari. Kai ko ɗokin gani ba ka yi ba. Don mi? Don ka riga ka san wanda ke ciki?"

"Nafi, ki iya bakinki. Muna cikin kasuwa."

"Kai ka zo mana da rigarsa. Kai ka ce kun binne shi a hanya, ku uku. Su waye sauran biyun? Shekara huɗu ban taɓa tambaya ba. Inna ta yi kuka har idonta ya tafi. Matarsa Ramata ta yi masa takaba da ciki wata bakwai. Ɗiyarsa hoto take nuna wa mutane ta ce ga babanta!"

"Ya isa!"

Tsawar ta sa mai shagon kusa ya leƙo. Mushe ya ɗaga masa hannu, ya koma.

Mushe ya cire diskin ya ajiye gefe.

"Ɗiyata, kart ɗin kamera fa? Wanda kika ɗauka da shi a Dirkou."

"Na yi masa formate a kamera. Na ɗauki wani biki a kai shekaranjiya."

"Girmansa?"

"Ɗari da ashirin da takwas."

"Bikin ya ci nawa?"

"Bai kai talatin ba."

"Wurin kamiyon, a wace rana kika ɗauka?"

"Ta bakwai. Ana jibi za mu taso."

Mushe ya gyaɗa kai sau biyu.

"Kart irin wannan exFAT ne. Ba ya ajiye tarihin aikinsa kamar ext4 ko NTFS, shi ya sa in kuran ya yanke masa yakan rikice. Amma yawancin kamera formate mai sauri suke yi. Kuma in sun koma rubutu, daga farko suke farawa. Bikin ya taka kwanakin farko. Rana ta bakwai tana can ciki, mai yiwuwa ba a kai gare ta ba. Ban yi miki alkawari ba. Amma in na sa shi yanzu, kafin la'asar za mu sani."

"Ina kart ɗin?"

Chaibou ne ya tambaya. Da sauri ya tambaya, har shi kansa ya ji saurin ya yi yawa.

Nafi ta dube shi. Ta kai hannu wuyanta, ta jawo ƴar jakar fatar da take rataye cikin riga, ta zaro kart ɗin. Chaibou ya yo taku ɗaya. Mushe Alkasum, da tsufansa, ya riga shi, ya shiga tsakaninsu ya karɓa ya dunƙule a hannu.

"Alhaji, nan shagona ne."

"Mushe, ina ganin girmanka. Maganar gida ce, ba ta shafe ka ba."

"Aikin ɗalibata ne aka kawo mini. Shi zan yi."

Chaibou ya juya wajen ƙanwarsa. Muryarsa ta sauka, irin saukar da ta fi tsawa ban tsoro.

"Nafi, ke yarinya ce. Akwai ramin da in kika tona, ba ke ba, duk gidanmu ba mai iya rufe shi. Na roƙe ki don darajar Baba, ki karɓi abin nan mu tafi."

"Yana da rai?"

"Mu tafi gida."

"E ko a'a, Yaya. Yana da rai?"

Portabul ɗinsa ya yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya duba, ya kashe da sauri. Ya buɗe baki zai yi magana, ya sake yin ƙara. Ya kashe.

Karo na uku, yana ɗaga shi, ta fizge.

"Ke! Ba ni!"

Ta ja da baya ta shige bayan tabul, Mushe na tsaye a hanya. A kan ekran an rubuta Mekanisiye Dirkou, wato makaniken Dirkou. Ta danna, ta kai kunne, ba ta ce komai ba.

Iska ce ta fara shigowa, da ƙarar injin can nesa. Sannan murya.

"Yaya? Don mi kake kashewa? Ka goge? Faɗa mini ka goge kafin ta kai wa Inna."

Nafi ta gane muryar. Ta zame ta zauna a ƙasa tsakanin wayoyi da tsofaffin mashina, portabul ɗin manne a kunnenta da hannu biyu.

"Yaya Zaharaddin?"

Iska kawai take ji a layin. Har ta zaci an katse.

"Nafi," muryar ta ce, a hankali ƙwarai. "Kar ki sake faɗin sunan nan. Wa da wa ke kusa da ke?"